Gida Bakwai Ranar Rabon Layya

Malam mai wannan fili,

Matata Lantana ta koma gidan uwarta tun ranar Talata. Don Allah a taimake ni.

Ni mushe ne, wato malamin makaranta, a lakwal ta Karofane. Washegarin Layya, ranar rabon nama, na fita gaisuwa. Duk gidan da na shiga sai a aje mini kwano, kuma ka san mayar da kwano yadda ya zo cin fuska ne. Na ci a gida shida: haƙarƙari, soyayyar hanta, kitse, har da kan rago gidan Maiguwa mahauci. Na ƙare gidan surukata, Inna Kaltuma, wadda da ma jininmu bai haɗu ba. Ta aiko da fura, na shanye, sai ɗan ragowa da Lantana, wadda na tarar a can, ta sha. Kafin la'asar cikina ya ɗaure kamar ganga, kwana biyu ina amai da zawo. Cikin zafin ciwo na faɗa gaban maƙwabta cewa an zuba mini wani abu a furar. Majo, malamin asibiti, ya duba ni a Bouza, ya yi dariya, ya rubuta wata doguwar kalmar Faransanci da ban taɓa gani ba. Ga ta na kwafo maka. Ciwo mai suna haka ai da hannun mutum.

Wanda Aka Cuta, Karofane

Mushe,

Na duba kalmar a ƙamus. Ma'anarta ciwon wanda ya ci ya wuce wuri. Mu nan haɗama muke cewa, ta fi sauƙin rubutu.

Da hannun mutum, gaskiyarka: hannunka na dama. Na yarda ƙin cin abincin mutane rashin ladabi ne, amma ladabin loma biyu ne da godiya, ba suɗe kwano shida ba. Kuma inda wasu kunya ke hana su ko shan ruwa gidan surukai, kai ƙwarya ka kafa wa kai. Lantana ta sha furar nan, da ƙafarta ta yi yaji.

Ka ɗauki goro da dattijo guda. Gaban maƙwabtan da suka ji ƙazafin za ka janye shi, ba a ɗaka ba. Baɗi kuma ka fita gaisuwa da jaka.

Allah ya ƙara sauƙi, ya maido maka iyalinka. Sai dai har yanzu ba mu ji Inna Kaltuma ta ce ta yafe ba.