Ƙugiyar da Kawu Ya Nuna Mini

Zuwa ga Yaya Garba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da mai ɗakinka da yara. Yaya sanyin Jos da aikin kuza? Mu nan Rano sai godiya, amma labarin babu daɗi.

Motar akori-kurar da nake nema don zirga-zirgar Rano da Kibiya ta samu. Na tafi Kano da Kawu Sule, tunda shi tsohon direba ne. An nuna mana guda biyu, na nace wa wadda ta fi tsufa saboda ƙarfin injinta, ina hangen har janwe zan riƙa yi, wato janyo motocin da suka kafe. Kawu ya leƙa ƙarƙashinta ya ce, "Isa, tsatsa ta cinye ƙugiyar bayanta. Bar ta." Ban ji ba, na saye ta.

Ranar Laraba wata babbar motar gyaɗa ta kafe cikin yashi a hanyar Nariya, aka kira ni. Ƙanenmu Audu yana wurin, don gyaɗarsa tana cikin lodin. Shi ya ɗaura sarƙa, ya koma gefe yana ba ni hannu. Ina taka mai, ƙugiyar ta ɓalle, sarƙar ta make shi a ƙafa. A asibitin Kano an yanke ta daga gwiwa.

Jiya ya ce mini, "Yaya, ƙaddara ce." Na kasa ɗaga ido. Inna tana aiko mini da tuwo, amma ko gaisuwata ba ta amsawa.

Ka sa Audu a addu'a, ka gai da mutanen gida. Don Allah ka rubuto wa Inna, wataƙila kai ta saurare ka.

Ƙanenka,
Isa