Kunyar ɗiyar fari

Assalamu alaikum, Mas'uda.

Ina fata kina lafiya, ke da Inna da duk mutanen gida a Kurawa. Yaya gero ya yi bana? Ni lafiya lau nake a Tamanrasat. Aikin gini yana nan, baya ne kawai ke ɗan ciwo, kada ki gaya wa Inna.

Ɗan'autanmu ya ce mini yarinyar ta fara magana, har tana kiran akuyarki da suna. Na yi murna, daga baya kuma abin ya tsaya mini a rai. Shekara guda cur muna gida ɗaya, ban taɓa ɗaukarta ba, ban taɓa kiran sunanta ba, wai kunyar ɗiyar fari. Ranar tafiyata ta rarrafo ta riƙe ƙafar wandona, ga Inna zaune, ga mai babur yana jira, sai na ce ki zo ki janye ta. Ban ga laifin Inna ba, haka aka yi mata, haka aka yi mini. Amma ga shi akuya ta riga ni shiga bakin ɗiyata, kuma ban san ranar da za ni dawo ba.

Roƙona ɗaya. Na turo murya ta wayar Ɗan'auta. Ki shiga ɗaki da yarinyar, ki kunna mata. In ta yi kuka, ki lallashe ta, gobe ki sake. Ba wata magana ba ce a ciki, sunanta kawai nake ta kira.

Allah ya raya mana Nuriyya.

Mijinki,
Abdurra'uf