Ragar da Ke Cikin Bango

Asabar, 1 ga Maris 2008
Patron, mai kamfanin da nake wa aiki, ya kira ni buro, wato ofishinsa. Kamfanin motocin dakonsa ya girma, mu sittin ne yanzu a hawa biyu, wayoyin kwamfuta sun cika ƙasa har mai shara tana tuntuɓe. Yana so a sa wifi, rezo marar waya, wato netwok ɗin da zai haɗa kwamfutocin. Ya ce ni da ke kula da kwamfutocin in zaɓo akwatunan da za su raba shi, in aiki ya yi kyau zai sa hannu a takardar aikina ta dindindin. Da ita ake samun katin zama. Shekara bakwai ina Tamanrasset ta Aljeriya ba katin, har yau in na hango motar 'yan sanda sai in sake hanya.

Litinin, 3 ga Maris
Ƙanana takwas, a manna a silin, huɗu sama huɗu ƙasa. Kowanne ya ɗauki mutanen ɗakinsa, kada a taru a kan guda ya shaƙe. Na rubuta na miƙa.

Laraba, 5 ga Maris
An kawo injiniya daga Alje, babban birnin ƙasar, Abdurrazak, ɗan uwan matar patron. Ko ɗakunan bai zagaya ba. Ya shimfiɗa zanen ginin a tebur, ya ce manya biyu masu ƙahon eriya uku sun isa, bangon bulo ne mai rami, rezo zai ratsa.
"Ga shi a rubuce, abokina."
Na san abin da ba a rubuta ba. Magina a nan, in suna tsoron zafin rana da sanyin dare su tsaga shafe, sai su shimfiɗa ragar ƙarfe irin ta akurkin kaji a jikin bango kafin su shafa siminti. Ginin nan kowane bango yana da ita, ciki da waje. Rezo ba ya ratsa ta.
Ni na ɗaura ta. Da hannun nan, a 2003, ina lebura a ƙarƙashin Baba Idrisa, magini. Amma na faɗa wa patron daga lekkol, makarantar boko a Yamai, na zo kai tsaye. Lekkol gaskiya ne. Shekara huɗun da na yi ina ɗaukar siminti a Gataa El Oued, unguwar baƙi leburori, ne na haɗiye, don na ga yadda suke kallon mutanen can.

Lahadi, 9 ga Maris
Baba Idrisa yana bakin titi inda leburori ke jiran aiki. Ya ɗaga mini hannu. Na kara waya a kunne kamar ana kirana. Shekara biyu ke nan ina yi masa haka.

Talata, 18 ga Maris
An kafa manyan biyu. A baranda rezo cike, da ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa shi ke nan. Manyan ma'aikata sun fito baranda rungume da kwamfutocinsu kamar masu rarrashin jarirai, da suka taru kuma akwatin ya shaƙe. Abdurrazak ya bugo daga Alje, ya ce ni ne ban iya saitawa ba. Patron ya ba ni zuwa Asabar. Raina ya ɓaci har abinci na kasa ci.

Laraba, 19 ga Maris
In na yi shiru an kore ni. In na faɗa...

Asabar, 22 ga Maris
Na ari guduma wajen maigadi. Na janye kabad a buron patron, na fasa shafe kamar faɗin tafin hannu, na jawo ragar ta fito.
"Ya aka yi ka sani, Tasi'u?"
"Ni na ɗaura ta, patron."
Bai kalli fuskata ba. Hannuna ya tsaya kallo.

Laraba, 26 ga Maris
An yi odar ƙanana takwas. Na ga takardar a tebur, an rubuta "bisa shawarar injiniya".

Talata, 1 ga Afrilu
Rezo ya kai ko'ina, har kicin. Kowa yana yaba wa injiniyan Alje. Na tuna wa patron takardata, ya ce a bari tukuna, wani ɗan uwan Abdurrazak zai zo ya riƙe kwamfutocin, ni in taimaka masa. Sai ya ƙara da cewa tunda na san bango, in toshe ramin da na fasa, akwai kuma tsaga a sito. Yana murmushi, shi a ganinsa alheri ya yi mini.
Na tsane shi. Na fi tsanar "to" da na ce.

Alhamis, 3 ga Afrilu
Ba ni da kayan shafe, dole na je wurin Baba Idrisa. Na shirya bayani tun daga gida. Bai bari na fara ba.
"Yau wayar taka ta mutu ne?"
Mutanensa suka yi dariya, ni ma na yi. Ya matsa mini a tabarma, muka ci shinkafa da wake a kwano ɗaya. Da na ba shi labari, ba katin zama ya tambaya ba. Tambayarsa ita ce ko shafen ya tsage a wani wuri. Na ce shekara biyar, ban da sito ko layi ɗaya babu, kuma sito ba mu muka gina ba. Ya gyaɗa kai ya ci gaba da cin abincinsa.
Jibi in zan wuce buro zan tsaya in gaishe shi. Don dai hanyata ce.