Jakunkunan Iska a Motar Norval

Salmon, Idaho, 3 ga Mayu

Yaya Lavonne,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da karnukanki.

Yaya, a-kori-kurata ta ba ni kunya. Ina ɗaura mata tirelar kwanan da na saya sai bayanta ya durƙusa, fitilu suna haska saman bishiyoyi, sitiyari sakayau a hannu. Makanike ya ce in ƙara ganyen sifirin biyu kowane gefe. Ke da kika shekara talatin kina jan gungume a tirela, me kika gani?

Gaskiyar magana, tun da aka yi wa matata Arlis aiki a ƙashin baya take tsoron mota. Ta ce in tafi bikin jikarmu a Oregon ni kaɗai. Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa zuwa biki ba matata ba, ba kuma zan fara yanzu ba.

Ƙaninki,
Norval

Libby, Montana, 9 ga Mayu

Norval,

Ina amsawa. Kai dai har ka tsufa da gaggawa! Kada ka taɓa sifirin nan. Zai ɗaga motar, amma za ta sandare, ramin farko Arlis za ta ji shi har ƙeya. Makaniken ya tambaye ka wa zai zauna a ciki?

Je sikelin masu hatsi ka auna gaba daban, baya daban. Na san ka, ka cika goshin tirelar da itace da tukwanen ƙarfe. Rage su. Sannan ka sayi jakunkunan iska na tallafa wa sifirin baya, su ana ƙara musu iska ana ragewa. Kada ka hura kafin in zo.

Ka gaida Arlis.
Lavonne

Salmon, 20 ga Mayu

Yaya,

Da fatan kin isa lafiya. Kin tafi ban iya yi miki godiya ba, shi ne na ɗauki biro.

Ke kam sai dai a sara miki! Shekara saba'in da huɗu, kina kwance ƙarƙashin mota kina yi mini tsawa. Ba zan manta yadda kika zauna a kujerar Arlis da kofi cike da ruwa a gwiwa ba, muna hawa gargadar hanyar gona, kina cewa, "Tsaya, malalaci, rage iska kaɗan." Sau tara! A na goma ko ɗigo bai zuba ba. Har kuka ya so ƙwace mini.

Arlis tana kallonmu ta taga, na gan ta. Amma har yau ba ta ce za ta je ba, ni kuma na kasa tambaya. Saura kwana goma sha ɗaya.

Naki,
Norval

Oregon, 1 ga Yuni

Yaya Lavonne,

Gaisuwa da godiya. Ni ce Arlis. Norval ya ce in gaya miki na yi barci tun daga Boise, har da minshari. Ƙarya yake, ba na minshari.

Da hannuna na gyara wa amarya mayafinta.

Taki,
Arlis