Inna, Daga Mauritius Zuwa Rodrigues Awa Ɗaya Da Rabi Ne

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kina cikin ni'ima a makwancinki. 'Yarki ce Hadiza, daga ɗakinmu na Al Nahda a Dubai.

Kin bar duniya da sanin ina aiki a wani sito na kayan mota a Ras Al Khor. Abin da ban gaya miki ba, duk ranar hutu ina zuwa koyon tsara tafiyar jirgin sama: inda zai bi, awa nawa zai yi, man da zai sha. Na ɓoye ne don na san yadda gabanki ke faɗuwa in an ambaci jirgi.

A jarrabawar farko malaminmu ya ba ni tsibirai biyu a tsakiyar teku, Mauritius da Rodrigues, inda ya taɓa aiki. Tsakaninsu kusan kilomita ɗari shida ne, awa ɗaya da rabi a ƙaramin jirgi mai farfela. Na yi lissafi, na miƙa ina murmushi. Na faɗi, Inna. Ashe in hadari ya rufe Rodrigues babu wani filin jirgi kusa, sai dai jirgi ya juya inda ya fito, ni kuwa ban ba shi isasshen man komawa ba. Da a ce da gaske ne, da na zubar da mutane a ruwa.

A mota na yi ta kuka. Na tuna ranar da kika raka ni tasha zan tafi makaranta Zariya, kika ƙara mini dambu da ruwa, na ce ai kusa ne. Kika ce, "Mota ba ta yi miki alkawari ba."

Rakiya, 'yar Zinder da muke ɗaki ɗaya, ita ta hana ni bari. Wata uku tana yi mini tambayoyi, in na ƙosa sai ta ce, "Yalla, encore!", wato maza, a sake.

Na sake zama jarrabawar, na ci. Malamin ya miƙa sunana ga tsofaffin abokan aikinsa a can, suka ɗauke ni horo. Yaya Sani ya fara cewa sam, mace ita kaɗai a tsibiri? Na kira Kano na yi masa bayani har sau uku. Jiya ya ce, "Je ki, da Inna na nan faɗa za ta yi, sannan ta sa miki albarka."

Ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba. An ce har marasa lafiya kan shiga jirgin nan daga Rodrigues zuwa babban asibiti a Mauritius. Amma yanzu na iya aikin, Innata, kuma ina son sa.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya haɗa mu a Aljanna. Ni kuma duk jirgin da na sa wa hannu, Allah ya sauke shi lafiya.

Taki har kullum,
Hadiza