Gidan da Aka Ba Mu da Bangon da Babana Ya Tsare

Goggo Fotini, don girman Allah ki ba ni shawara, kaina ya ɗau zafi. Na fara rubuta miki na yaga ba sau ɗaya ba, domin duk yadda na juya maganar sai in ga kamar ƙarar mahaifina na kawo jarida. Ba haka nake nufi ba. Na rasa wanda zan gaya wa ne, duk wanda na sani a garin nan ya riga ya zaɓi ɓangare.

Ina aiki a gidan burodi. Mijina Lambros yana aiki a jirgin fito mai kai mutane tsibiri. 'Yarmu ɗaya, Argiro, tana aji biyu a firamare. Muna haya a ƙarƙashin wani bene, irin ɗakin da tagarsa take daidai da ƙafafun masu wucewa. Da sanyi bango gumi yake yi, kowace kusurwa ta yi baƙi, ga Argiro da asma. Likita ya ce mu tashi, kamar gida abu ne da ake ɗaukowa a kanti. Kin san yadda garuruwan bakin teku suka koma, duk mai ɗaki na kirki ya ajiye wa baƙin bazara. Yanzu har ramin namu mai shi ya ba mu notis, wai zai yi fenti ya sa 'yan yawon buɗe ido. Ƙarshen watan Mayu za mu fita.

Shekara uku ke nan da majalisar gari ta ce za ta mayar da tsohuwar ma'ajiyar taba da ke bayan tashar jiragen ruwa gidajen haya masu sauƙi. Aka yi ƙuri'a, sunanmu ya fito. A ranar, Lambros har rawa ya taka a kan titi da kayan aikinsa a jiki. Na kai Argiro na nuna mata ginin, ita da kanta ta zaɓi tagar da ta ce ta ɗakinta ce. Magina suka zo, suka kafa shinge, ba su daɗe ba suka kwashe kayansu. Aka ce wani ya kai koke ofishin kula da kayan tarihi, kuma ba za a taɓa ko bulo ɗaya ba sai sun duba sun sa hannu.

Wanin nan Babana ne, Stamatis. Shi da bakinsa ya faɗa mana wata Lahadi muna cin abinci a gidansa, yana cire ƙayar kifi a faranti kamar labarin ruwan sama yake bayarwa.

Bari in yi masa adalci. Mahaifiyarsa, Kakata Evdokiya, tana ƙarama aka kawo ta garin nan a jirgin 'yan gudun hijira daga wancan ƙetaren teku. A ma'ajiyar nan ta yi aikin tsince ganyen taba tun tana budurwa har huhunta ya gaza. A hawa na sama akwai wani dogon bango da matan wurin suka riƙa karce sunayensu da ƙusa. Kaka ba ta iya rubutu ba, wata ƙawarta ce ta koya mata haruffan sunanta, kuma in ban da a bangon nan ba ta taɓa rubuta komai a duniya ba. Baba ya ga zanen ginin da aka liƙa a majalisa, ya ga bangon yana cikin waɗanda za a rushe.

Ya ce, “Ban ce kada a ba ku gida ba, 'yata. Cewa na yi kada a shafe uwata.”

Lambros ya ajiye cokali ya ce, “Madalla, Baba. Sai mu je mu kwana a gindin bangon mu lulluɓa da sunayen.” Tun ranar bai sake taka gidan ba.

Lokacin na ɗauka maganar wata biyu ce ko uku. Goggo, har yau ba su ce e ba, ba su ce a'a ba. Na je ofishin da ƙafata. Wata baiwar Allah da gajiya ta cika mata ido ta nuna mini tulin fayil har kusan kafaɗata, ta ce su biyu ne ke duba gundumar gaba ɗaya, kuma namu yana bayan na coci-coci da na otal-otal da na wani da yake son canza ƙofar gidansa. An taɓa aika fayil ɗinmu babban birni, aka dawo da shi wai hotunan ba su fito sosai ba. Ban iya yi mata faɗa ba. Ita kuwa ma'ajiyar, rufinta ya buɗe, tantabaru sun mayar da ita tasu, ruwan sama yana sauka a kan bangon da ake cewa ana karewa. Kullum na tashi daga aiki sai ƙafata ta kai ni wajen shingen nan, in tsaya in leƙa, in dawo. Ban san me nake zuwa nema ba. Ko zama wuri ɗaya ba na iyawa yanzu, jiya ma sai da na ƙona tire guda na burodi.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, wani kansila mai suna Periklis ya kawo shawarar da yake so majalisa ta miƙa wa ma'aikatar gwamnati: idan ofishin tarihi bai ba da amsa cikin wata uku ba, a ɗauka ya amince. Za a yi taron jama'a a kai bayan bikin Ista. Ƙungiyarmu ta masu jiran gidajen ta zaɓe ni in yi magana. Sun ce don bakina yana da kaifi ne, amma na san dalili: ni ce 'yar Stamatis, shi kuma zai yi magana a ɗaya ɓangaren. Suna son a ga 'ya ta tashi ta ƙaryata ubanta.

Na je na gaya wa Baba. Ya daɗe yana juya kofin kofinsa, sannan ya ce kowa a gidan shan kofi ya san surukin Periklis ya sayi ma'ajiyoyi biyu a layin, otal yake son yi, kuma ofishin nan ne kaɗai ya tare masa hanya. Ya ce, “Da tarin Argiro za su buɗe ƙofar otal ɗinsu, ke ce kuma za ki miƙa musu mabuɗi.” Raina ya ɓaci. Na ce masa Kaka ta riga ta gama nata tarin, jikarsa ce take kan yi. Na ga fuskarsa ta canza. Ya tashi ya wanke kofin. Ban sake kiransa ba, shi ma bai kira ba.

Kafin wannan ya ce mu dawo gidansa, ɗaki ne da falo, shi zai riƙa shimfiɗa a kicin. Lambros ya ce gara ya kwana a jirgi. Yanzu kuma cewa yake in ban tashi na yi magana ba, to ya gane inda zuciyata take, zai karɓi aikin da wansa ya samo masa a wata masana'anta a Jamus, mu biyo shi in mun ga dama. Ba na son Jamus. Ba na son in tsaya gaban gari in kunyata tsoho mai shekara kusan tamanin da ya rene ni shi kaɗai bayan rasuwar Mama. Kuma ba na son in ƙara jin numfashin 'yata yana fita kamar ana busa usur. Wani lokaci in ga Baba ne da gaskiya, kafin in ƙarasa wanke-wanke na koma ganin son kai ne kawai. In yi maganar ko in bari? In na yi, me zan ce? Ki taimake ni.

Mai jiran gida, daga bakin teku

*

'Yata mai jiran gida,

Ki ja numfashi. Abubuwa kika haɗa a tukunya ɗaya, shi ya sa ta ƙi dahuwa.

Fara da watan Mayu, domin shi ne ba ya jira. Ko gobe aka sa hannu a fayil ɗin nan, ma'ajiyar ba za ta zama gida a watan Mayu ba, gini ne da rufinsa ya buɗe. Saboda haka taron nan ba shi zai ba Argiro wurin kwana ba, kada ki ɗora masa nauyin da ba nasa ba. A makon nan ki kai notis ɗin da takardar hayarku wurin lauyan ƙungiyar 'yan haya ya duba ko mai gidan yana da ikon fitar da ku yadda ya ce. Ki karɓi takardar likita ki kai sashen walwala na majalisa. Idan duk ba su yi ba, gidan babanki busasshe ne? In busasshe ne, to nan za ku je na ɗan lokaci. Ki gaya wa Lambros cewa huhun yarinya ya fi fushinsa, kuma na yi imani ya sani. Maganar Jamus ku zauna ku yi ta da kanta wata rana, da hankali. Mutumin da ya yi rawa a titi saboda gida a garinsa ba tafiya yake so ba, ya gaji ne. Amma kada ki yarda a ɗaura aurenki a ƙafar jawabin minti biyar.

Babanki ya yi kuskure ɗaya babba: ya san sunanku yana cikin ƙuri'ar, ya kai koke bai fara zama da ku ba. Kina da ikon jin zafin wannan. Amma ki lura, bango ɗaya ya roƙa. Ba shi ya ce a rufe gini gaba ɗaya shekara da shekaru ba. Wanda ya bar mutum biyu da fayil ɗin gunduma shi ya yi wannan. Kuma abin da yake karewa ba shirme ba ne. Gidajen attajirai ba sa rasa masu tsaya musu, sunan mace mai tsince taba kuwa in ɗanta bai tsaya masa ba, babu mai yi.

Ke ma kina da gaskiya. Ofishin da bai ce e ba bai ce a'a ba ya riga ya yanke hukunci, kuma irinku ne ke biya. Dole a sa masa wa'adi. Sai dai ki nemi shawarar kansilan a rubuce ki karanta da idonki. Ban san surukinsa ba, ba kuma zan hukunta mutum da hirar gidan kofi ba. Tambaya ɗaya za ki yi wa takardar: wa'adin nan na gidajen haya masu sauƙi ne kaɗai, ko na kowane gini? In na kowane gini ne, to tsoron babanki yana da tushe, kuma ke ce kika fi kowa dacewa ki yi tambayar nan a gaban jama'a.

Don haka ki yi magana, amma taki, ba wadda aka rubuta miki ba. Ki nemi a sa fayil ɗin gidajen talakawa a gaban layi, a ƙara ma'aikata, a sa ranar da dole wani mai suna ya ba da amsa da dalili. Ki nemi a gyara rufin yanzu, a fara aiki a hawan ƙasa yayin da ake duba na sama. In 'yan ƙungiyarku suka ce wannan bai yi zafi ba, kin gane ba bakinki suke so ba, sunan babanki suke so. Su nemi wani.

Kafin duk wannan, ki je wurin tsohon. Maganar tarin nan ki ba shi haƙuri a kanta, ita kaɗai, ba tare da “amma” ba. Bayan ya huce ki tambaye shi abin da da alama babu wanda ya taɓa tambayarsa: me zai ishe shi? In bangon ne, ku je tare wurin mai zanen ginin ku ji ko za a iya barinsa a tsaye a matsayin bangon baranda, sannan ya rubuta wa ofishin cewa iyakar buƙatarsa ke nan. Ba na miki alkawarin zai yarda, ko ofishin zai motsa. In ya ƙi, ki faɗa masa duk abin da za ki ce a taron, kalma da kalma, kada ya fara jin sa a cikin mutane. Wannan shi ne abin da shi bai yi muku ba.

Kada ki buga waya. Ki je gobe da kin tashi daga aiki. In ya buɗe ƙofa ya juya ya shige ciki bai ce uffan ba, ki bi shi, tsofaffi irinsa haka suke cewa shigo.

Allah ya ba Argiro lafiya, ya sanyaya zukatanku, ya sa ku kwana a ɗaki busasshe kafin sanyi ya dawo.

Taki,
Goggo Fotini