Tauraro da Gayyar Masara

Daren Laraba, Funtua.

Tauraron da nake nazari ya sake ɓarkewa. Ɗan mitsitsi ne mai tsananin nauyi, yana zuƙe iskar tauraron da ke maƙwabtaka da shi, hasken X-ray da yake fitarwa yana hawa da sauka ba tsari. Malamina na jami'a ya bugo waya, gobe in tura lissafi don a juya na'urar hangen sama wajen tauraron kafin ya lafa. Gobe kuma gayyar girbin masararmu, kuma ɗan mai gona ba ya fashi.

Na gaya wa Baba hasken nan ya yi dubban shekaru a hanya. Ya ce, "To ya ƙara kwana ɗaya mana. Mutanen da na gayyato, in ce musu me?"

Har yanzu ban kira Malam ba. Baba ya ajiye mini takalmin gona a bakin ƙofa.